Sanduna biyar sun zauna, ta shida ta ƙi shiga: a fere ta ko a bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani abokina mai zuwa Guangzhou saro kaya ya yi mini tsarabar wani wasan ƙwaƙwalwa na katako, sanduna shida da suka sarƙe da juna, ba ƙusa ba gam. Yara suka wargaza shi. Sanda ɗaya sumul take, ba yanka ko ɗaya a jikinta. Uku iri ɗaya ne, kowacce da dogon gurbi guda. Sauran biyun su ma iri ɗaya ne, amma yankansu ya fi rikitarwa. Ina haɗa biyar su zauna daram, sai ta shidan ta ɗan leƙa ta tokare. Kuskuren wanda ya sassaƙa ne? In ɗan fere ta da wuƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye wuƙar nan tukuna. Daga yadda ka siffanta sandunan, abin wasanka cikakke ne, ba abin da ya ɓata a ciki, kuma ina da yaƙinin wanda ya sassaƙa shi bai yi kuskure ba. Sandunan nan biyu masu rikitaccen yanka ka sa su a kife, ko ɗaya daga cikinsu. In ka fere sanda ta shida, za ta shiga, amma daga ranar abin ya zama sako-sako, ko ɗaga shi ka yi sai ya zube a hannunka, kuma katakon da wuƙa ta ci ba ya dawowa.

Abin da kake riƙe da shi Turawa na ce masa burr, Sinawa kuma kwaɗon Lu Ban ko kwaɗon Kongming, wato suna jingina shi ga Lu Ban, wani shahararren kafinta na tsohuwar ƙasar Lu, ko ga Zhuge Liang, wanda ake kira Kongming, mai dabarun yaƙin nan da ya rasu a shekara ta 234. Wannan labarin baka ne. Tsohuwar shaidar da aka fi sani a zane ta fito ne daga Faransa, a wani zanen Sébastien Leclerc na 1698, sannan Pablo Minguet ya kawo shi a littafinsa a Sifen a 1733. Tsarin da ke hannunka, sumul ɗaya, uku iri ɗaya, biyu iri ɗaya, yana cikin tsofaffin da aka fi yawan sassaƙawa, kuma yana cikin masu sauƙi.

Ga yadda za ka haɗa shi. Ɗauki biyu daga cikin ukun nan masu dogon gurbi, ka tsayar da su a kan tebur suna fuskantar juna, gurbi na kallon gurbi. In ka manna su za ka ga sun yi wata doguwar taga a tsakaninsu, tsayinta ninki biyu na faɗinta. Kafin ka manna su, sai ka kwantar da ta ukun a ƙasan tagar, gurbinta yana kallon sama, ka daidaita ta yadda tsayayyun nan biyu suke daidai tsakiyarta, ana ganin ɗan sauran gurbin ta dama da ta hagu. Yanzu sandar ta zauna a rabin tagar na ƙasa, rabin sama ya rage fili. Wannan filin shi ne hanyar sandar sumul, wadda masu wasan ke kira makulli. Duk abin da za ka ƙara daga nan, idonka ya kasance a kan hanyar nan, kada wani abu ya tsaya a cikinta.

Ɗauki ɗaya daga cikin masu rikitaccen yankan ka dube ta da kyau. A fuska ɗaya tana da siraran gurabe biyu, a tsakaninsu akwai ɗan haƙori da ya rage. A fuskar da ke maƙwabtaka da ita akwai faffaɗan gurbi guda da ya ratsa sandar daga wannan gefe zuwa wancan. Faffaɗan gurbin nan sama zai kalla, haƙorin kuma ya kalli tsakiya, yana ta ƙasa. Ka kawo ta a gicciye, ta bisa sandar da ke kwance, ka tura ta har haƙorin ya shiga tagar, siraran guraben nan biyu su rungume tsayayyun sanduna. Sannan ka danna ta ƙasa. Za ka ji ta faɗa cikin dogon gurbin, ƙas. Ka yi wa 'yar'uwarta haka ta ɗaya gefen. Ɗaga abin ka leƙa ta ramin saitin haske: in ka ga murabba'i cikakke, ƙasansa a shafe daga baki zuwa baki, sai ka zura makulli, zai wuce ba gardama.

Inda mutane ke faɗawa shi ne, sandar nan in an kifa ta, faffaɗan gurbin ya kalli ƙasa, ta fi saurin shiga. Tura ta kawai za ka yi ta zame kai tsaye zuwa mazauninta, ba ɗagawa ba dannawa, kuma ta waje ba za ka ga wani bambanci ba. Hannu yana son abin da ya shiga da sauƙi, shi ya sa kusan kowa haka yake fara sa ta. Amma a hakan haƙorinta ya tare rabin hanyar makulli, ya bar kogo a ƙarƙashinsa inda ya kamata ya zauna. Kana iya gane wacce ce ta kife ba tare da ka wargaza komai ba. In makullin ya shiga kusan rabi ta wani gefe sannan ya tsaya, ɗaya ce a kife, wadda ke can nesa. In ta kowane gefe tun daga baki yake tokarewa, to duka biyun ne. Zaro ta, ka juya ta bakin da ke wajenka ya koma can gaba, haƙorin na nan yana kallon tsakiya, sai ka mayar. In hannu biyu sun yi maka kaɗan, ɗaure tsayayyun nan biyu da robar ɗaure kuɗi har ka gama.

Wannan ya isa ga wanda ke hannunka. Amma tunda abokinka zai sake komawa, kuma irin waɗannan kan zo ne da yawa cikin kwali ɗaya, bari in ba ka abin da zai yi maka aiki a kan kowanne, don haddace matakai ba ya kai mutum ko'ina in an canza yankan.

Ka ɗauka kowace sanda an gina ta ne da ƙananan dunƙule, irin na Maggi, biyu a faɗi, biyu a kauri, shida ko takwas a tsayi. Duk yankan da ka gani, cire wasu dunƙulen aka yi. In sanduna shidan sun haɗu, wurin da suke ratsa juna a ciki dunƙule 32 ne: takwas a can tsakiyar tsakiya inda sanduna uku-uku ke neman wuri ɗaya, sai 24 kewaye da su inda bibbiyu ke nema. Kowace sanda tana da dunƙule 12 a wannan yanki, takwas a fuskarta ta ciki, huɗu a bayanta. Shida sau 12 ya ba da 72, wurin zama kuwa 32 ne kacal. Ke nan dole a cire aƙalla 40. Ƙirga naka ka gani: makulli ba a cire masa komai ba, ukun nan takwas-takwas, biyun nan su ma takwas-takwas, jimla 40 cif. Wannan ƙidayar ce ta sa na ce maka abin wasanka cikakke ne tun ban gan shi ba. In ka ƙirga wani ka samu ƙasa da 40, to an gauraya sandunan wasa biyu, ba zai taɓa haɗuwa ba ko shekara za ka yi. In ka samu 40 daidai, cikinsa a cike yake ba kogo. In ya haura 40, akwai kogo a ciki, kuma abin da ya haura shi ne yawan kogon.

Ga wanda yake da makulli, tunanin daga makullin yake farawa, duk da cewa shi ne na ƙarshen shiga. Tunda ba a yanke shi ba, sauran ne za su kauce masa. Biyun da ke gicciye a ƙarƙashinsa dole yankansu ya ratsa har bayansu, ya ci rabin faɗinsu a tsakiya. Biyun da ke tsaye dama da hagunsa dole su kasance da fili a fuska, mai tsayin dunƙule biyu, daga tsakiya zuwa gefe ɗaya. Saboda haka ka ware sandunan da aka yanka har baya, a cikinsu abokan gicciye suke. Ka ware masu filin fuska. Wadda ta rage ita ce abokiyar zaman makulli, wadda zai kwanta a kanta. In ka ga sanduna biyu da ɗaya take kamar hoton ɗaya a madubi, sau da yawa abokan juna ne, ka fara gwada su tare. Kuma kowane biyu suna haɗa fuskokinsu masu yanka ne, bayansu na waje. Da waɗannan kaɗai, hanyoyin da suka rage maka ka gwada ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Bayan ka gane mazaunin kowace sanda, akwai tambaya ta biyu da mutane ke cakuɗa ta da ta farko, wato wacce za ta riga wacce shiga. Ana iya sanin inda komai zai zauna amma a rasa hanyar kai shi wurin. Dabarar ita ce ka haɗa huɗu ko biyar a mazauninsu, ka riƙe wadda ta rage kusa da inda za ta zauna, ka tambayi kanka: da a ce tana ciki, ta ina za ta fita? Me zai fara motsawa? Ta inda aka hau ta nan ake sauka. Wani lokaci amsar ba sanda ɗaya ba ce, abin kan rabu gida biyu ne, biyu a nan uku a can, sai a haɗa kowane ɓangare daban sannan a zura su cikin juna.

Masu kogo a ciki su ne suka fi daɗi a wurina, kuma su ne gwanayen masu sassaƙa na yanzu suka fi yi. Da yawansu ba su da makulli. Ka tura sanda ta matsa dunƙule ɗaya ta tsaya, ta buɗe wa wata hanya, ita ma ta matsa ta tsaya, a haka har ta farko ta samu fita. Yawan motsin da ake yi har sandar farko ta fita shi ake kira matakin wasan. Naka mataki na 1 ne. Wani Ba'amurke mai suna Bill Cutler ya sa kwamfuta ta bi diddigin wannan al'amari gaba ɗaya. A 1978 ya fitar da cewa hanyoyin haɗa marasa kogo 119,979 ne. A 1990 aka kammala babban lissafin har da masu kogo, aka samu haɗi fiye da biliyan 35, amma kusan biliyan 6 ne kawai ke wargazuwa da hannu, sauran a takarda kawai suke zaune, ba hanyar shigar da sandunan. Mataki mafi tsawo da aka samu a mai sanda shida shi ne 12, na Bruce Love, sai dai ana iya haɗa sandunansa ta wasu hanyoyin masu sauƙi. A cikin waɗanda hanyar haɗa su ɗaya ce tak, 10 ne ƙarshe. Shi kansa Cutler yana da wani mai mataki 5 da ya yi suna, kuma mataki 5 ɗin nan ya isa ya hana mutum barci in an miƙa masa sandunan a warwatse. In an ƙara yawan sanduna abin ya wuce misali: tsarin sanda 18 da Willem van der Poel ya fara a Holan a shekarun 1950, na baya sun kai shi inda ake motsi fiye da ɗari kafin ɗaya ta fita.

In irin wannan ya zo hannunka a haɗe, kada ka yi gaggawar wargaza shi. Riƙe shi ta fuska ɗaya kullum, ka sa ɗigon fensir a bakin kowace sanda, ɗaya zuwa shida, don juyawa ɗaya in ka yi a hannu ka manta ina ne sama. Ka gwada kowace sanda ta ɓangarori shida, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, da ɗan yatsa kawai. Ka gwada bibbiyu tare, don wani motsin sai sanduna biyu ko uku sun tafi a lokaci ɗaya. Bayan kowane motsi ka sake zagayawa daga farko, saboda abin da ya ƙi ɗazu yana iya sakewa yanzu. Abin da ya fi ruɗa sababbin shiga shi ne sandar da ke iya matsawa dunƙule biyu amma ake so ta tsaya a ɗaya; in ka tura ta har ƙarshe ka wuce ƙofar. Haka nan akwai inda sai ka mayar da sanda inda ta fito kafin a ci gaba, mutum ya ga kamar baya yake komawa. Ka lura da nauyi ma: in ka karkata abin, wata sanda kan zame da kanta ta toshe hanya ba ka sani ba, don haka ka riƙa tallafe waɗanda suka sake. Kuma ka ɗauki hoto da waya bayan kowane motsi, musamman lokacin da sandar farko da ta biyu ke fita. Wasu na ganin hoton nan ha'inci ne. Ni ban ga haka ba ga mai koyo, in ya so daga baya ya haɗa ba tare da ya duba ba.

Akwai waɗanda ba sa bin wannan ƙa'ida ko kaɗan, gara ka san su don kada ka ɓata lokaci kana neman makullin da babu. Wanda sandunansa shida duk iri ɗaya ne, yankansu a karkace kamar baki buɗe, yana rabuwa ne gida biyu, uku-uku, sai ka kama shi da yatsu uku na kowane hannu ka ja ta kusurwa. Mai sanda 12 iri ɗaya, wanda William Altekruse ya yi wa rajista a Amurka a 1890, shi ma rabinsa ne ke zamewa a kan rabi. Wani mai sanda uku kuma yana da sanda ɗaya da aka zagaye wuyanta, murɗa ta ake yi, ba turawa ba. In ka ga an zagaye wani wuri a cikin yanka, ba ado ba ne.

In abin ya gagara gaba ɗaya, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna BurrTools, wadda Andreas Röver ya rubuta. Za ka zana mata sandunanka dunƙule-dunƙule, ta lissafa ta nuna maka haɗin da motsi ɗaya bayan ɗaya. Zanen ne ke da ɗan wuya da farko, kuma kuskuren dunƙule ɗaya ya isa ta ce maka babu mafita.

Saura maganar katakon kansa, wadda a ƙasarmu ba ƙarama ba ce. In ka gyara kifin, ka leƙa ka ga hanya a buɗe, amma makullin ya shiga da ƙyar ko ya cije, to laima ce. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi da kauri yake yin haka, ta tsayi kusan ba ya motsi. Ka ga matsalar: gurbin an yanke shi ne a tsayin sanda, ba ya faɗaɗa, abin da zai zauna a cikinsa kuwa faɗin wata sanda ne, shi ke kumbura. Mai sassaƙa na ƙwarai yana barin tazarar da ba ta wuce kaurin takarda ba, don haka kumburi kaɗan ya isa ya kulle komai. Abin da ke zamewa lafiya a Janairu, lokacin hunturu, shi ne zai ƙi motsi a Agusta. Wanda ya fere shi da damina zai tarar da shi yana kaɗawa da hunturu.

Maganinsa haƙuri ne na 'yan kwanaki. Sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, ka rufe, ka riƙa dubawa. Kada ka shanya shi a rana tsaka ko kusa da murhu, bushewar gaggawa na tsaga katako, kuma wuyan sandunan nan masu yanka har baya siriri ne, nan suke karyewa. Kada ka sa man gyaɗa ko man keke, katakon zai sha, ƙura ta manne. In kana son ya yi santsi, goga ɗan kakin zuma ko kyandir a fuskokin da ke gogar juna, ka murje da tsumma. Samfefa kuwa sai in ka ga tsini ko gashin katako a bakin yanka, shi ma shafa ɗaya ko biyu a wurin kaɗai. Guduma da filaya ba su da aiki a nan ko kaɗan.

In yaran sun karya ɗaya, ko kana son a yi maka wani, kafinta mai natsuwa zai iya. Naka yana cikin waɗanda ake yankawa da zarto kai tsaye, ba sai an ƙwaƙule lungu da cizal ba. Irin waɗannan sanduna guda 25 ne ke shiga wasan da ba kogo, kuma da su ana haɗa wasa 221 daban-daban, ta hanyoyi 314, in mutum yana da saiti mai sanda 42 saboda maimaici. A samu busasshen katako mai tauri, maɗaci ko madobiya, wanda ya daɗe a ajiye. A fara fitar da doguwar sanda ɗaya mai santimita 2 a faɗi da kauri, a tabbatar kusurwoyinta a miƙe suke, sannan a yayyanka ta gunduwa-gunduwa, santimita 6 ko 8, don duk su fito daga itace ɗaya su riƙa kumbura tare. Zurfin kowane gurbi santimita 1 ne. Amma ka ce masa kada ya dogara da tef wajen faɗin gurbi, ya riƙa aunawa da ita kanta sandar: dogon gurbin ya ɗauki sanduna biyu a jere ba matsi ba rawa. In sanda ɗaya kawai za a maye, ka kai masa sauran biyar ɗin ya auna da su, kuma ka bar sabuwar ta kwana biyu a ɗaki ɗaya da tsofaffin kafin a yi yankan ƙarshe.